Ƙafar Kyamara Ce Ke Rawa

Litinin, da yamma

Yaya ya ce a rufe shagon Baba. A mota ya faɗa, idonsa na kan titi, kamar mai cewa yau za a yi ruwa. Wai ɗakin da ke bayan gidansa har an yi masa fenti. Na ce Baba ba tsohuwar kujera ba ne da za a ɗauke a kai ɗakin baya. Ya ce, "Auta, agogo ɗaya ne a teburinsa tun kafin mu fara zuwa asibiti. Ɗaya tak. Har yau cikinsa a buɗe yake."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya ƙona mini rai. Agogon aljihu ne na wani tsohon direban jirgin ƙasa, irin wanda ake murɗa wa kai kowace safiya. Baba ya kwance shi, ya wanke, ya jera kayan cikin a faranti ya kifa musu kofin gilashi. Mayarwar ce ta tsaya. Ya ce ido ne. Sukurorin sun yi masa ƙanana, ɗan madubin da yake maƙalawa a ido ɗaya tun kafin a haife ni ya daina isarsa.

Kafin mu kai ƙofar gida mun tsayar da magana da Yaya: in Baba ya haɗa agogon Direba da hannunsa ya tashi, shago na nan. In bai haɗa ba, ba zan ƙara cewa uffan ba. Ya amince da sauri, kuma saurin bai yi mini daɗi ba.

Ni mai hoto ce. Wuni nake a situdiyo ina ce wa mutane su ɗaga haɓa su daina murmushi, hoton fasfo ne. In ƙanƙanta ce matsalar, ai ƙara wa abu girma aikina ne. Kyamara a saman tebur tana kallon ƙasa, waya ta tafi talabijin, sukuru ya koma kamar murfin tukunya. Ido ne. Ido kuwa gilashi ake nema masa.

Talata, lokacin hutun rana

Na je wajen mai sayar da kayan kyamara na bayan tasha, wanda duk masu hoto ke kira Sai Gobe, don duk abin da ka tambaya yana hanya, gobe zai iso. Na ce masa ina son ɗaukar cikin agogo.

"Cikin agogo? Malama, fuskokin mutane sun ƙare ne?"

"Sun dai ishe ni."

Ya zuba mini kaya a kan kanta. Akwai wani gilashi mai kama da na tabarau da ake ɗaurawa a gaban na kyamarata. Ya ce tsakiyar hoto za ta fito, gefe-gefe kuwa sai addu'a. Akwai zobba, babu gilashi a cikinsu sam, iska ce kawai, ana sa su tsakanin kyamara da gilashinta sai ta iya matsowa kusa. Sai kuma na gasken, wanda suke kira makuro, mai shigo da abu cikin kyamara da ainihin girmansa, ba ragi. Shi wannan babu shi. Yana hanya.

Na karɓi aron zobban. Ya tambaye ni agogon wa zan ɗauka, na ce na wani ne.

Laraba, da safe

Na cika wa Baba kofin shayi, na tuna, na juye rabi a nawa.

Alhamis, da yamma

Asibiti. Na zauna a bencin waje da jakar Baba a cinya. Likita ya fito da Yaya baranda, sun daɗe suna magana ƙasa-ƙasa. Ni kuwa ina karanta bambancin makuro gajere da dogo a waya, shafi ɗaya na yi ta maimaitawa har na kusa haddace shi. A mota Yaya ya buɗe baki, na kunna rediyo.

An ƙara ƙwaya ɗaya, fara, bayan abinci.

Asabar, da rana

Shagon Baba ɗan tsukuku ne, in mutum biyu suka shiga na uku sai bakin ƙofa. Bangon cike yake da agogunan da masu su suka manta da su, ba biyu da suka yarda da juna a kan lokaci. Teburin ya kai ƙirji in an zauna, da koren shimfiɗa a kai da ya koɗe daidai inda gwiwoyin hannunsa ke sauka. Ina son ƙamshin wurin, na man agogo da tsohon katako. A nan na yi rarrafe.

Na jera zobban duka na gwada. Sai da gilashin ya kusa sumbatar agogon kafin ya ga wani abu, inuwar kyamarar ta rufe komai, hoton ya yi duhu. Baba ya leƙo ta kafaɗata.

"To ni ta ina zan shiga? Kin zo taimako kin zauna a kan aikin."

Ya fi ni gaskiya. Tsakanin gilashi da agogo ko bakin hantsaki ba zai wuce ba, balle sukundireba. Ashe ba kusanci nake nema ba, nisa nake nema: gilashin da zai tsaya can sama, ya ga abu kamar yana kusa, ya bar wa hannu fili. Dogon makuro ke nan. Wanda ke hanya.

Muna cikin haka Direba ya zo, kamar yadda yake zuwa kowace Asabar. Dogo ne, ya ranƙwafa kaɗan, sarƙar agogon har yanzu tana rataye a aljihunsa ba komai a bakinta. Yana magana yana kai hannu wurin ya dawo da shi.

"Mai agogo, jirgi ya iso?"

"Yana hanya, Direba."

"To ba gaggawa. Ni na yi ritaya daga makara."

Suka yi dariyarsu. Har ya tafi, hannuwan Baba na ƙarƙashin tebur. Akwai sanyi a shagon nan, na lura.

Lahadi

Rigunansa masu maɓalli duk sun koma ƙasan akwati. Wai sun matse shi.

Talata, da yamma

Na ba Sai Gobe gilashin kyamarata na ɗaukar fuska, ya zama musayar makuro. Shi ne gilashin da na fara saya da gumina, wanda ke sa kowace fuska ta yi kamar an ƙoshi da barci. Sai Gobe ya juya shi a haske ya ce, "Malama, kin tabbata? Wannan shi ne abincinki." Na ce situdiyo na da na aiki, fasfo ba ya buƙatar kyau. Ya nannaɗe shi a ƙyalle a gabana, na kawar da kai na karanta wani kwali a bango.

Ya ce akwai makuro gajere a ƙasa yanzu-yanzu in ina so. Na ce dogo. Ya ce dogon nauyi gare shi, kuma ba ya yafe motsi ko kaɗan. Na ce dogo.

Laraba

Gobe.

Alhamis

Gobe. Na kusa jifan mutumin nan da murfin kyamara.

Juma'a, da yamma

Ya iso. Ban ko koma situdiyo ba.

Na kafa ƙafar da ake ɗora kyamara a kai a gefen teburin, na karkato da wuyanta har gilashin ya kalli ƙasa, na ja waya zuwa tsohuwar talabijin ɗin da na ɗauko daga ɗakina. Tsakanin gilashi da agogo an sami fili kamar tsawon tafin hannu da rabi. Na murɗa a hankali, hazo, hazo, sai ga shi.

Ban san haka cikin agogo yake ba. Shekara da shekaru ina ganinsa a matsayin tarkacen Baba. Faifai masu haƙora, kowane haƙori da gefensa mai sheƙi, jajayen duwatsu ƙanana kamar an ɗiga su, layukan da wani ya zana a jikin ƙarfen inda ba wanda zai taɓa gani. Baba ya cire madubinsa ya ajiye. Ya matso da kujera.

"Kai! Kai, kai. Dubi wannan. Auta, kin ga wancan zoben da ke cikin faranti, mai siririn gashi a nannaɗe? Matso da shi." Na matso da farantin. "Ita ce zuciya. Duk sauran 'yan rakiya ne. Ran da kika mayar da ita ta fara rawa, hagu, dama, hagu, dama, agogo ya tashi. In ba ta yi rawa ba, ƙarfe kika tara."

Ya yi ta nuna mini da haɓa, yana kiran sunayen da shi ya raɗa musu: Gwauro, Mai Gaddama, Tagwaye. Rabon da in ji muryarsa haka har na manta. Ya ce yana ganin ƙurar da ya bari a kan wani dutse, ya ji kunya, ya yi dariya.

Matsala ɗaya: a kusancin nan, abin da ke fitowa tar bai fi kaurin gashi ba. In kan sukuru ya fito, ramin da zai shiga ya zama hazo. Dole in tsuke ƙofar hasken gilashin, in na tsuke kuma hoto ya yi duhu. Fitila ke nan. Kullum da saura abu ɗaya.

Amma yau na yi farin ciki, bari in rubuta shi kafin ya huce.

Asabar, da rana

Fitilar zobe da ake maƙalawa a bakin gilashi shirme ce a kan ƙarfe mai sheƙi. Kowane sukuru ya fito da farin zobe a ka, ba a ganin tsagar da sukundireba zai zauna. Na mayar wa Sai Gobe. Na ɗauko fitilar tebur biyu, ɗaya hagu ɗaya dama, na rufe fuskokinsu da farar takarda mai laushi. Haske ya kwanta, tsagar ta fito baƙa sak. Abin da kayan kanti suka kasa, takardar goge hannu ta yi.

Na ce, "Baba, bismilla." Ya ce yau Asabar, Direba zai zo, ba ya son aiki ana tsaye a kansa. Litinin.

Direba ya zo ya ga cikin agogonsa a talabijin, ya cire hula. Ya ce shi da abin nan sun ratsa daji da duhu tare, bai taɓa sanin yana da jajayen idanu ba.

Litinin, da yamma

Ba na son rubuta yau.

To. Ya wanke hannu, ya zauna, ya kafa gwiwoyin hannu a inda shimfiɗar ta koɗe. Ya ɗauki hantsaki. A talabijin komai a tsaye, faifan, duwatsun, ramin da ke jira. Sai bakin hantsakin ya shigo ta gefen dama, ƙato kamar bakin almakashin tela, riƙe da sukuru.

Ya wuce ramin. Ya dawo ya wuce. Ya fita daga hoton gaba ɗaya, ya sake shigowa ta sama. Ina jin numfashin Baba ya tsaya kamar yadda yake tsayar da shi in zai sa abu. Hantsakin bai ji an tsayar da numfashi ba.

Ya ajiye. Ya daɗe yana kallon ƙafar kyamarar.

"Wannan ƙafar taki rawa take."

Na ce, "Eh, Baba. Mai sauƙi ce, ta fita biki ce. Ba ta iya ɗaukar dogon gilashi."

"Shi ne. Ga manyan motoci na wucewa."

"Ga motoci."

Ƙafar ce. Zan nemo mai nauyi.

Talata, lokacin hutun rana

Sai Gobe ya fito mini da ƙafafu iri-iri, ya ce in jijjiga kowace in ji. Ya ce abin da mutane ba su gane ba game da makuro shi ne ba ya zaɓe: in ya ƙara wa abu girma, ya ƙara wa motsinsa. Rawar da ido ba ya gani, a talabijin sai ta zama girgizar ƙasa. Shi ya sa masu wannan aiki ba sa ko taɓa kyamara, da waya suke latsawa daga nesa.

Sai ya ce, "Amma tsaya, Malama. Hoton ne duka ke rawa, ko wani abu ne a cikinsa? Don in ƙafa ce, komai tare zai motsa, har teburin."

Na ce masa wannan mai baƙin fentin, nauyinta nawa.

Ya dube ni, ya dubi ƙafar. Ya ce in don tebur ne in bar ƙafa uku, in sami sanda ta ƙarfe da ake ɗaurewa a jikin teburin da noti. Ya zana mini a bayan kwali, ya ce kowane mai walda zai yi. Bai yi mini tayin komai ba yau. Ban ji daɗin kirkinsa ba.

Laraba

Mai walda ya ce Asabar.

Alhamis, da yamma

Na ce da Baba, kafin sandar ta zo, bari in gwada ni: ni in riƙe, shi ya faɗa. Ya ba ni wani mataccen agogo daga aljihun tebur, ya ce in fara da gawa. Na kama sukurun da hantsaki, na matse kaɗan don kada ya faɗi. Tsit! Ya yi tsalle, ko ƙararsa ban ji ba. Na yi rarrafe a ƙasa da fitilar waya kamar mai neman ɗan kunne, Baba yana dariya har da tari. Na biyu ma ya bi ɗan'uwansa.

"Ba matsewa ake ba, lallashi ake. Hannunki a tsaye yake, Auta, amma bai san komai ba. Nawa kuwa ya san..."

Ya tsaya a nan. Ya ce in duba ƙarƙashin kabad, nan suke taruwa.

Juma'a, da safe

Na ji ƙarar cokali a jikin kwano ta bayan ƙofarsa. Yanzu a ɗaki yake cin abinci, wai falo hayaniya. Mu biyu ne a gidan.

Asabar, da yamma

Mai walda ya kawo sandar, ya huda teburin Baba wuri biyu. Baba ya fita waje lokacin da ake hudawa. Na ɗaura kyamarar, na rataya jikina a sandar, ko gezau. Babbar mota ta wuce, tagogi suka yi ƙara, na kafa ido a talabijin: ko ƙura ba ta motsa ba.

Na yi aiki mai kyau. Da ma ban yi ba.

Yaya ya biyo ya gani. Ya ja ni waje, gefen mai sayar da katin waya.

"Har yaushe za ki yi ta wahal da shi? Kin san abin da likita ya ce."

"Ban sani ba. Ban shiga ba."

"To bari in gaya miki."

"Yaya, in ka faɗa a titin nan, wallahi ba zan ƙara shiga motarka ba."

Idonsa ya yi ja, ban taɓa ganin haka ba tun rasuwar Mama. Ya ce, "Kina tsammani ni daɗi nake ji? Ni na yi fentin da hannuna." Ya shiga mota. Na so in tsane shi yau, abin bai yiwu ba.

Direba bai zo ba. Ko ya zo ya hango mu ya juya.

Lahadi

Akwai ɗan jinkiri tsakanin motsi da fitowarsa a talabijin. Kaɗan ne ƙwarai, amma akwai. Wataƙila shi ke ruɗa hannu. Na aika wa Sai Gobe saƙo ya nemo mini wata wayar talabijin mai sauri.

Litinin

Baba ya ce kansa na ciwo. Ba mu buɗe ba.

Talata

Ba mu buɗe ba. A situdiyo wata mata ta ce hoton da na yi mata ya sa ta tsufa. Na ce haka fasfo yake.

Laraba, da yamma

Shi ya tashe ni da safe, ya riga ya shirya, ya sa farar rigarsa mai maɓalli. Ban tambayi tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Ya ce, "Tashi mu je mu sallami Direba."

Na kunna fitilu, na gyara takardun, na tsuke ƙofar haske har kan sukuru da raminsa suka fito tare. Hoton da ban taɓa haɗa irinsa ba. Na zauna a ɗan bencin da ke gefensa, gwiwata kusa da ƙafar tebur.

Hantsakin ya shigo.

Ban shirya ba, Allah ya sani. Na ga bakin hantsakin ya fara rawa, na ga komai a bayansa tsaye cak kamar an zana, babu sauran abin da za a ɗora wa laifi. Sai kawai na jingina gwiwata da ƙafar teburin na fara kaɗa ta. Kaɗan-kaɗan. Fitilu suka motsa, inuwoyi suka yi ta kai da komo, kayan cikin faranti suka yi 'yar ƙara a ƙarƙashin kofi. Na buɗe baki zan ce mai waldan nan bai ɗaure notin da kyau ba.

Bai ko juyo ba.

"Auta, cire gwiwarki daga teburina."

Na cire.

Komai ya tsaya, sai abu ɗaya. Muka zauna muna kallonsa a talabijin, ni da shi, ƙato, a fili, da haske mai kyau ta hagu da dama. Bai janye ba. Ya bar shi a nan ya daɗe, kamar yana duba agogon wani.

"Shekara da shekaru," ya ce, "zuciyar agogo na rawa, hannuna na tsaye. Yanzu sun yi musaya."

Na ce akwai jinkiri a wayar, an ce akwai mai sauri, tana hanya.

"Idona lafiya lau yake, 'yar nan. Ina ganin tururuwa a bakin ƙofar can. Na ce ido ne don ido ana yi masa tabarau." Ya ajiye hantsakin da hannu biyu. "Ke kuma kika tafi kika sayo mini idon da ya fi na kowa. Ai kin gama da ni."

Dariya ya yi da ya faɗa. Ni ban yi ba. Na kifa kai a kan koren shimfiɗar na yi kukan da nake ta rage wa rabi tun ranar asibiti. Ya ɗora hannu a bayan kaina. Ina jin sa. Ban taɓa bari na ji shi ba sai yau.

Da na ɗago ya ce in jera masa kayan yadda zai faɗa. Ba haɗawa ba, jerawa kawai, kowane a gefen inda zai zauna, zuciyar a tsakiya. Na yi da lallashi, ba wanda ya yi tsalle. Ya ce, "To, ɗauka. Ai ke mai hoto ce." Na latsa daga nesa, ban taɓa komai ba.

Shi ya kira Yaya da kansa.

Asabar, da rana

Baba ya nannaɗe kowane abu a takardarsa, wato ni na nannaɗe yana faɗa, muka zuba a ƙaramin gwangwani. Direba ya zo.

"Mai agogo, jirgi ya iso?"

"Jirgi ya tsaya, Direba. Matuƙin ne ya sauka."

Ya ɗora hannuwansa duka biyu a kan tebur, a gaban mutumin, ya bar su. Direba ya dube su sau ɗaya, ya mayar da ido fuskar Baba. Baba ya kwatanta masa wani mai gyara a can cikin gari, ya ce yaro ne amma hannunsa na da kyau. Direba ya karɓi gwangwanin ya sa a aljihun da sarƙar take. Ya ce zai duba. Daga yadda ya faɗa na san ba inda zai kai shi.

Ya zauna a bencina har yamma suna hirar jiragen da. Ba wanda ya tambayi ƙarfe nawa.

Litinin

Kwalaye. Agogunan bango sun fi yadda nake zato nauyi. Ramuka biyu a teburin, ni na jawo masa su.

Laraba

Sai Gobe ya kira. Waya mai sauri ta iso. Yau, ba gobe ba.

Juma'a, da yamma

Ɗakin Yaya fari ne tas, har yanzu da warin fenti. Akwai taga mai kallon bishiya, ba laifi. Matar Yaya ta sayo kofi mai murfi da hannu biyu, ta ajiye a gefen gado, Allah ya saka mata.

Na wanke hoton babba, na sa a firam, na kafa a bangon da ke fuskantar gadon. Kowane haƙori ya fito, kowane jan dutse, siririn gashin nan a nannaɗe ana iya bin sa da ido tun daga farko har ƙarshe. Ban taɓa ɗaukar hoto mai kyansa ba, kuma ba na son ganinsa.

Baba ya zauna a bakin gado ya daɗe yana kallo, hannuwansa a kan cinya, a fili.

Na ce, "Ya yi?"

"Ya yi, Auta. Ba abin da ke rawa."

Na je kicin na haɗa masa shayi. Na cika kofin har baki, na rufe murfin.